Yadda za ka bi Kogin Kano daga duwatsun Riruwai zuwa fadamar Haɗeja

Na rubuta wannan bayani ne domin 'yan'uwana malaman karkara masu koyar da labarin ƙasa, da duk wani manomi ko matashi da yake son sanin inda ruwan da yake sha, yake kuma ban-ruwa da shi, ya taso da inda ya nufa. Ni malami ne a wata sakandare a ƙasar Tudun Wada, dangin mahaifiyata kuma mutanen Ringim ne. Kogi ɗaya ne ya ratsa mu duka, amma a wajenmu gudu yake a kan dutse yana ƙara, a wajensu kuwa kwance yake cikin yashi da laka. Abin da nake so ka iya bayan ka gama karatun nan shi ne ka tsaya a bakin ruwa, ka dubi abin da yake ɗauke da shi, da saurinsa, da yadda gaɓarsa take, ka gane a wane mataki na tafiyarsa yake, da abin da zai iya yi wa mutanen da ke ƙasa da kai.

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka riƙe hanyar a kanka. Ƙoramun da suke haɗuwa su zama Kogin Kano suna gangarowa ne daga duwatsun kudancin jihar, wato yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa da maƙwabtansa, waɗanda suke gefen tsaunukan Jos ta arewa. Daga nan ruwan ya yi arewa, ya ratsa Dajin Falgore, ya faɗa madatsar Tiga. Wanda aka saki daga Tiga ya ci gaba har ya gamu da Kogin Challawa a yankin Tamburawa, kudu da birnin Kano. Daga mahaɗar sai ya karkata gabas, ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya shiga Jigawa, ya wuce Ringim ya nufi Haɗeja, kuma a wannan tsakanin taswira Kogin Haɗeja take kiran sa. Bayan Haɗeja ya rarrabu a cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Ɗan abin da ya tsira ya haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ruwanmu ba ya kaiwa teku.

Ka ƙara riƙe lissafin tsayi, domin shi ne yake tafiyar da komai. Ƙololuwar duwatsun Riruwai ta haura mita 1,200 daga doron teku. Birnin Kano bai kai mita 500 ba. Haɗeja wajen mita 350 take, Tafkin Chadi kuma wajen mita 280. Ka ga ke nan kogin ya gama mafi yawan gangarowarsa tun bai bar jihar Kano ba. Daga Haɗeja zuwa Chadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, saukar da ta rage masa ba ta kai mita 100 ba. Idan wayarka tana nuna tsayin wuri, ka rubuta lambar a duk inda ka tsaya, yara su ga saukar da idonsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙoramu ba su ƙafe ba tukuna, kuma alamun cikar bana suna nan a jikin itatuwa da duwatsu. Kada ka kai yara kan dutse a watan Agusta. Kuma ba lallai ne a yi tafiyar a zama ɗaya ba. Makarantar da ba ta da kuɗin mota za ta iya ɗaukar zango ɗaya a kowane zangon karatu, ko kuma makarantu biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari, su yi musayar abin da suka auna.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya mai tsawon mita 10 da aka ƙulla a kowace mita, gora doguwa da aka yi wa zane duk bayan santimita 10, robobin ruwa masu haske da murafensu, ledoji, alƙalamin rubutu a jikin roba, agogon waya, maganaɗisu ko da na tsohuwar lasifika ne, da littafi mai ƙwaƙƙwaran bango. Ruwan sha kuma ku tafi da shi daga gida.

Duk garin da ka sauka, ƙofar mai unguwa ko dagaci za ka fara zuwa. Ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, malamin makaranta ne ni, na zo da yara su ga kogi, muna neman izini da ɗan rakiya." Inda akwai Sarkin Ruwa, shi ma a kai masa gaisuwa. Ɗan rakiyar nan ya fi kowace taswira, domin shi ya san gurbin da ke cin mutum, da mashigin da dabbobi suke bi, da inda ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya. Ka zaunar da yara a gaban dattijon masunci su tambaye shi, "Baba, da kuna samari ina bakin ruwan yake?" Amsar da zai bayar ka rubuta ta yadda ya faɗa.

Kan dutse

Daga Kano za ka bi hanyar Zariya zuwa Kwanar Dangora, ka karkata Tudun Wada, ka ratsa Falgore, ka shiga ƙasar Doguwa, sannan ka ɗauki hanyar Riruwai. Ka tambayi halin hanya da na tsaro kwana ɗaya kafin tafiya, ka kuma tabbatar kun ratsa dajin da rana.

Kada ka ɓata lokaci neman wuri guda da za ka nuna ka ce nan ne mafarin kogi. Kogin dutse ba ya fitowa daga rami ɗaya. Ƙananan magudanai ne barkatai, wasu daga marmaro a gindin dutse, wasu daga tsagar falalen dutse da ta riƙe ruwan damina tana sakin sa a hankali, suke haɗuwa biyu-biyu har su zama ƙorama. Ka zaɓi magudana ɗaya ku bi ta sama har inda ta ƙare, sannan ku juyo ku biyo ta ƙasa kuna ƙirga waɗanda suka shigo mata ta dama da hagu. Yaro ya zana su a littafi. Zanen da zai fito, shi ne darasin da allo ya kasa koyarwa.

Idan kun kai doron tudu, ka tsayar da su ka zuba ruwa kaɗan a ƙasa su ga inda ya gangara. Doron tudu yana raba ruwa ne yadda doron rufin kwano yake raba ruwan sama, wannan ya zuba gaba wancan ya zuba baya. A wannan yanki na kudancin Kano da tsaunukan Jos rabon yana da girma ƙwarai. Ruwan da ya gangara ta ɓangarenmu Chadi ya nufa. Wanda ya gangara ta ɓangaren Kaduna zai shiga Kogin Kaduna, ya faɗa Neja, ya kai teku. Daga tsaunukan Jos ɗin ne kuma Gongola ya tashi ya nufi Binuwai, Jama'are ma can ne asalinsa. Girgije ɗaya zai zubar da ruwa, rabi ya ƙare a Chadi, rabi a tekun Atilantika.

Yanzu ku sauka cikin ƙoramar ku dubi ƙasanta. Dutse za ka gani tsirara, da manyan duwatsun da ruwa ya mirgino, da tsakuwa mai kaifi. Ka sa kowane yaro ya rufe ido ya ɗauki tsakuwa goma, kada ya zaɓi masu kyau, a auna su, a zuba a leda, a rubuta sunan wurin. Ka nuna musu ramuka masu santsi da suke jikin falalen dutse. Tsakuwa ce ta maƙale a ɗan lotsi, ruwa ya yi ta juya ta shekara da shekaru har ta haƙa rami. Sau da yawa za ka sa hannu ka tarar da ita a ciki ta zama mulmulalliya. Kwarin a nan matsattse ne, gefensa a tsaye, domin ƙarfin ruwan ƙasa yake ci, bai samu sukunin faɗaɗa ba. Inda dutse mai tauri ya gitta, sai ruwa ya tsirgo daga sama, irin wanda mutane suke zuwa kallo a Zainabi da ke ƙasar Doguwa.

Riruwai ƙasar kuza ce, an daɗe ana haƙar ta tun zamanin Turawa. Ka ɗebi yashin da ya taru a bayan babban dutse, ka zuba a ƙwarya, ka riƙa kaɗawa da ruwa a hankali har farin ya fita. Baƙin da ya rage a ƙasa shi ne mai nauyi. Ka shanya shi, ka kawo maganaɗisu: wanda ya manne ma'adinin ƙarfe ne, kuza kuwa ba ta mannewa. A nan yara suke gane cewa ruwa tantancewa yake yi, mai nauyi ya ajiye shi kusa, marar nauyi ya tafi da shi nesa. Wannan ƙa'ida ita za ta bi ku har Haɗeja. Amma ka tsare su daga tsofaffin ramukan haƙa da ruwa ya cika. Zurfinsu ba ya nunawa daga sama, gefensu kuma yana zaftarewa.

Akwai haɗari ɗaya da nake so kowane malami ya ji tsoronsa da gaske. Ƙoramar dutse tana iya cika cikin 'yan mintoci alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Ruwan an yi shi ne can sama, kuma dutse ba ya shan ruwa, saboda haka duk abin da ya zuba gangarowa yake gaba ɗaya. Idan ka ga hadari ya haɗu a kan duwatsu, ko ruwan da yake garau ya fara yin ja, ko ganye da karare sun fara zuwa, ko ka ji wata ƙara tana tahowa daga sama, ku fita nan take, ku hau gefe. Kada a gudu ta cikin kwari, kada a tsaya ɗaukar takalmi. Ka ɗaga kai ka dubi ciyawa da shara da suka maƙale a rassan itatuwan gaɓa. Inda suka maƙale, nan ruwa ya kai, kuma sau da yawa ya fi tsayin mutum.

A nan ne ya fi sauƙi a koyi auna ruwa, tun da ƙoramar ba ta wuce gwiwa ba. Ka nemi wurin da ta miƙe, ka shimfiɗa igiyar mita 10 a gefenta. Yaro ɗaya ya saki guntun kara a sama, wani ya riƙe agogo, wani ya tsaya a ƙarshe ya yi ihu idan karan ya iso. A yi sau biyar a ɗauki matsakaici. Sannan a auna faɗi, a auna zurfi da gora a wurare biyar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Misali: kara ya ci mita 10 a daƙiƙa 20, wato rabin mita a daƙiƙa. Faɗi mita 4 ne, matsakaicin zurfi santimita 30. Ka ninka 4 da 0.3, ka sami 1.2, ka ninka da 0.5, ka sami 0.6. Da yake ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, sai ka ƙara ninkawa da 0.8, ka sami 0.48. Ma'ana lita 480 ce take wucewa a kowace daƙiƙa, kusan jarka 19 mai cin lita 25. Ka faɗa musu da jarka, domin ita suka sani. Kafin ku tashi, a cika roba ɗaya da ruwan wurin, a rubuta suna da kwanan wata.

Falgore kuwa kada ku shiga sai da izinin ma'aikatan gandun daji da na jami'an tsaro. Ya isa ku tsaya a gadojin da ke kan titi ku dubi yadda itatuwa suka yi duhu a bakin rafi, ɗorawa da kaɗanya da marke suka bazu a tudu. Abin lura shi ne gaɓar da ke cikin daji ba ta zaizayewa yadda ta gonakin da aka sare itatuwansu take yi. Ku gwada launin ruwan da ya fito daga daji da na wanda ya fito daga gonaki bayan an yi ruwa.

Tiga da abin da ta canza

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tsayin bangonta mita 48 ne, tsawonsa wajen kilomita 6, kuma an tsara ta ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da ita, saboda haka ka rubuta takardar neman izini kafin ka kai ɗalibai kan bangon.

Abu biyu za ku duba. Na farko, ku je inda kogi yake shiga tafkin. Da ruwa mai gudu ya haɗu da ruwa mai kwanciya, sai ya sauke kayansa, shi ya sa za ka ga tarin yashi da laka a wurin. Duk ƙasar da ta zaizaye daga gonakin Doguwa da Tudun Wada nan take zuwa ta kwanta, tana rage wa madatsar ciki a hankali. Na biyu, ku je ƙasan bango ku ɗebi ruwan da aka saki. Za ka gan shi ya fi na sama haske. Ka tambayi dattawan ƙauyukan da ke ƙasa, za su gaya maka kafin a yi dam kogin faffaɗan yashi ne da rani, sai gurabe nan da can, mata suna tona yashi su sami ruwa, da damina kuma ya cika ya tumbatsa. Yanzu ruwa yana gudu rani da damina, hanyar ta tsuke, ciyawa da gonaki sun cinye tsohon yashin.

Daga Tiga ake jan ruwan da ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, aikin da aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Shinkafa da tumatir da alkamar da suka sa Kura ta yi suna, ruwan duwatsun Doguwa ne. Ina ganin ya kamata duk yaron da ubansa yake noman rani a can a kai shi ya ga inda ruwan ya fito ko da sau ɗaya ne. Haka kuma ya kamata a gaya masa gaskiya, cewa duk litar da ta shiga kanal an rage ta ne daga rabon mutanen ƙasa.

A bakin kanal da tafki ne tsargiya ta fi yawa, domin ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ruwa mai kwanciya suke so. Kada yara su shiga wanka. Jirgin fito kuma, in ba dole ba, a haƙura da shi. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife a madatsar Watari, sama da mutum 20 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Allah ya ji ƙansu. In har za a shiga, a raba yara kashi-kashi, kowa da rigar ruwa, kuma maganar mai jirgi ta "akwai sauran wuri" ba ita za ka bi ba.

A Tamburawa ba sai kun daɗe ba. Challawa yana zuwa ne daga yamma, shi ma an datse shi a ƙasar Karaye a 1992, kuma kafin ya iso ya bi ta gefen unguwannin masana'antu, ciki har da na jima, ya ɗauko abin da ya ɗauko. A yankin ne kuma ake tace ruwan da birni yake sha. Ku ɗebi roba ɗaya daga kowane kogi kafin su haɗu, ku jera su, ku shinshina, kada a ɗanɗana.

Wudil zuwa Haɗeja

A wajen Wudil ne ƙasar da kogin yake tafiya a kanta take sauyawa, kuma wannan sauyi ya fi komai muhimmanci a tafiyar. Daga Riruwai har nan, ƙarƙashin ƙasa tsohon dutse ne mai tauri. Daga nan zuwa gabas kuwa, yashi da laka ne masu kauri da suka taru a kwarin Chadi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce ka tambayi mahaƙan rijiya. Na Rano da Tudun Wada zai ce maka yana cin karo da dutse. Na fadamar Ringim da Auyo zai ce maka da bututu da injin ban-ruwa ake wanke rami a sami ruwa a 'yan mitoci. A kan dutse kogi karɓar ruwa yake daga ƙoramu. A kan yashi bayarwa yake, ƙasa tana sha, rana tana ɗiba, ga shi ruwan sama yana raguwa yayin da ake yin arewa maso gabas: kudancin Kano yana samun sama da milimita 1,000 a shekara, Nguru kuwa wajen rabin haka. Shi ya sa kogin nan, maimakon ya riƙa ƙaruwa yana tafiya, raguwa yake yi.

Ku fito da ledojin Riruwai a nan, ku ɗebi na Wudil ku jera. Tsakuwa mai kaifi ta ɓace, sai yashi. Tifofin da suke layi a bakin kogi shi suke ɗiba, kuma ramukan da suke bari a ƙarƙashin ruwa suna cin rayuka, don haka ko ɗan rakiya ya ce wurin bai wuce ƙugu ba, gora ce za ta fara shiga kafin ƙafa.

Ka nemi lanƙwasa ɗaya babba ku zauna a kanta, ku ba ta lokaci. A bayan lanƙwasar ruwa ya fi gudu da zurfi, gaɓar a tsaye take, tana zaftarewa, za ka ga saiwoyin itatuwa a waje. A cikin lanƙwasar ruwa a hankali yake, yana ajiye yashi, gaɓar a kwance take. A saki kara biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, yara su ga wanda zai riga. Ma'anar wannan ga manomi a fili take. Gonar da ke bayan lanƙwasa raguwa take kowace damina, ta ciki kuma ƙaruwa. Kawuna na Ringim yakan ce duk wanda zai sayi gona a bakin kogi ya fara duba ta wane ɓangare ruwa yake cizo, kuma rigingimun iyakar gona da yawa da ake kaiwa gaban dagaci daga nan suke tasowa. Idan lanƙwasa ta yi tsanani, wata damina ruwa zai yanke ta ya miƙe, tsohon hannun ya zama tafki mai lanƙwasa. A irin waɗannan tafkuna ake kamun tarwaɗa da ƙarfasa da rani, a cikin busasshiyar lakarsu kuma gaiwa take kwanciya ta jira damina.

Yanzu ka jera robobin da kuka tara tun daga dutse, ka ƙara da ɗaya da aka zuba wa ƙasar fadama da ruwa. A girgiza su, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya. Ƙasa mai laushi za ta ɗauki awa ɗaya ko biyu. Yumɓu kuwa sai ya kwana, wani ma ya fi haka. Abin da ya fi jinkirin kwanciya shi ne yake kaiwa Haɗeja, shi ne baƙar lakar fadama da take ba da shinkafa ba tare da taki mai yawa ba.

Wani abin da nake so ka nuna wa duk wanda yake zaune a kwarin nan: ka tsaya a gaɓa ka dubi bayanka. A wurare da yawa bakin kogin ya fi filin da ke bayansa tudu, domin duk lokacin da ruwa ya tumbatsa, a bakin gaɓa yake fara sauke yashi. Saboda haka idan ruwa ya ɓalle ya shiga fili, ba ya iya komawa cikin kogi ko da kogin ya sauka. Sai ya kwanta makonni. Wannan shi ne abin da mutanen Jigawa suka gani a ambaliyar 2001 da ta 2022. Gidan da ke nesa da kogi a cikin kwari yana iya fin na bakin gaɓa shiga haɗari. Ka lura kuma da jigayin yashi da suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Iska ce ta tara su a wani zamani na tsananin fari, kuma a tsakaninsu hannayen kogin suke bi. Tsofaffin garuruwa a kan jigayin suke, sababbin unguwanni ne suke sauka kwari.

Kafin Haɗeja hannu ɗaya ya balle ya zama Kogin Kafin Hausa. A ƙasar Auyo akwai shingen da ke tare ruwa domin noman rani na kwarin Haɗeja. Bayan garin Haɗeja kuma kogin ya rabu zuwa Marma, wadda take kaiwa tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohuwar hanyar Haɗeja. A nan za ka ga kacala da idonka. Ciyawar nan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa take so, kuma tun da madatsu suka sa ruwa yake zuwa rani da damina, ta samu wurin zama. Tana toshe hanya, laka ta taru a gindinta, ruwa ya kauce ya cinye gonakin wasu, wasu kuma hanyarsu ta bushe. A cikinta jan-baki yake kwana ya fito ya cinye shinkafa da gero. Ka tambayi mutanen gari yadda suke gayyar yanke ta, ka ji wahalar daga bakinsu. Idan da hali ku ƙarasa Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a 2008, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka lokacin sanyi.

Sauran tafiyar a taswira za ku yi ta. Ka gaya wa yara cewa ruwan Haɗeja kaɗan ne yake kaiwa Gashuwa; mafi yawan abin da Yobe yake samu daga Jama'are ne, wanda ba shi da babbar madatsa, kuma wannan ne ya sa maganar madatsar Kafin Zaki, wadda ake son ginawa a kan Jama'are, take tayar da muhawara tsakanin mutanen Bauchi da na Yobe da Borno. Tafkin Chadi kansa, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta kudu.

Aikin da za ku ci gaba da shi bayan kun dawo shi ne awon kullum. Ka nemi ƙafar gada ko wani dutse da ba ya motsi kusa da makaranta, da izinin mai gari, a yi masa zane da fenti duk bayan santimita 10. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Oktoba, yara biyu tare da babba su riƙa karanta shi daga kan gada kowace safiya a lokaci guda, su rubuta tsayin ruwa, launinsa, da ko an yi ruwa daren jiya. Sannan ka nemi malami ɗaya a sama da kai da ɗaya a ƙasa, ku buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya riƙa turo lambarsa. Cikin damina ɗaya za ku ga kwana nawa cikar take ɗauka daga wannan gada zuwa waccan, domin ruwan da aka yi a Doguwa ba ranar yake isa Wudil ba, na Wudil ma sai ya ɗauki kwanaki kafin ya kai Haɗeja. Ku haɗa wannan da sanarwar sakin ruwa daga madatsu da hasashen ambaliya da ake karantawa a rediyo. Ranar da lambar malamin sama ta yi tsalle, ka kai wa mai unguwa labari da kanka, da littafin a hannunka, domin masu shinkafa a kwari su san kwana nawa suka rage musu su kwashe abin da za su iya.